Yini Ɗaya a Ƙauyukan Cinque Terre: Shin Ya Dace a Biya Kuɗin Jagora?

Tambaya: Wani bawan Allah ya rubuto cewa zai halarci taro a birnin Florence na ƙasar Italiya a ƙarshen watan Mayu, tare da maiɗakinsa da mahaifiyarsa wadda ke fama da ciwon gwiwa, kuma yini ɗaya tak ya rage musu bayan taron. Ya ga tallan kamfanonin da ke kai baƙi ƙauyukan Cinque Terre da ke gaɓar Bahar Rum, su zagaya da su duka biyar su dawo da su a rana guda. Yana son ya san ko ya dace ya biya, ko kuwa su tafi da kansu, da kuma abin da ya kamata su shirya.

Amsa: Malam, tafiyar ta cancanci yinin da za ku ba ta, kuma tunda akwai Hajiya a cikinku, ina ganin ɗaukar jagora ya fi muku. Sai dai ba irin wanda ka ga tallansa ba. Duk tsarin da ya yi maka alkawarin ƙauyuka biyar a yini ɗaya daga Florence, ka bar shi, ka nemi wanda zai tsaya a uku, ya haɗa muku da ɗan zango a jirgin ruwa, sannan ya kai ku saman tsaunin ku ga gonakin da ke bayan gidajen. Bari in yi maka bayanin dalili, domin idan ka fahimci yadda wurin yake, kai da kanka za ka iya tantance kowane tallan da aka nuna maka.

Ƙauyukan suna yankin Liguria a arewa maso yammacin Italiya, a lardin La Spezia, kuma idan ka taso daga wajen Genoa ga yadda suke jere: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola, sai Riomaggiore. An gina su ne a tsagar duwatsu masu gangare da suke faɗawa kai tsaye cikin teku, shi ya sa mota ba ta da wani amfani a can: titunan da ke sauka cikinsu ƙanana ne masu yawan lanƙwasa, kuma ba a barin motar baƙo ta shiga tsakiyar gari. Abin da ke haɗa su shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso a 1874, yana ratsa ramukan da aka huda a cikin dutse. Daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba akwai jiragen da ke kai da kawo tsakanin birnin La Spezia da garin Levanto, waɗanda suka sa ƙauyukan biyar a tsakiya, suna tsayawa a kowane ƙauye, sau da yawa a cikin awa ɗaya, kuma tsakanin wani ƙauye da maƙwabcinsa 'yan mintoci ne kawai. Wannan kusancin ne yake yaudarar mutane su ɗauka cewa biyar ɗin za su shiga yini guda cikin sauƙi.

Yi lissafin da kanka. Daga Florence zuwa La Spezia, ko a bas ko a jirgin ƙasa ta hanyar Pisa, sai ka ci awa 2 ko 2 da rabi. Tafiyar da kamfanoni ke shiryawa takan tashi wajen ƙarfe 7 na safe ta dawo wajen 8 na dare, wato awa 12 zuwa 13, kuma a ciki awa 4 zuwa 5 na hanya ne. Abin da ya rage ka cire lokacin cin abinci, ka cire jiran jirgi a kowace tasha, ka cire lokacin da jagora zai ɓata yana ƙirga mutum arba'in ko hamsin don kada a bar wani a baya, sannan ka raba ragowar gida biyar. Za ka tarar kowane ƙauye bai samu cikakkiyar awa ɗaya ba. A cikin wannan ɗan lokacin mai ƙarfin ƙafa zai sauka bakin ruwa ya ɗauki hoto ya koma tasha, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta wuni tana sauri a bayan ayari, ta dawo masauki da gajiya ba tare da ta zauna ta kalli komai ba. Ba na so a yi wa Hajiya haka.

Abin da yawancin masu zuwa ba su sani ba shi ne, gidajen nan masu launi iri-iri da ke cika hotuna ba su kaɗai ba ne dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, tare da garin Portovenere da tsibiran Palmaria da Tino da Tinetto. Babban dalilin yana sama da gidajen. Tsawon ɗaruruwan shekaru mazauna wurin suka riƙa sassaƙe jikin tsaunin suna mayar da shi gonaki hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera da hannu ba siminti ba laka, suna ɗauko ƙasa a kwando suna cikawa, suna shuka inabi da zaitun da lemo. An ƙiyasta cewa idan aka haɗa tsawon katangun nan zai haura kilomita 6,000. Wanda ya taɓa hawa dutsen Sukur a jihar Adamawa, wanda shi ma UNESCO ta karrama a 1999 har da saboda gonakinsa na hawa-hawa, zai gane irin wahalar da aka sha da zarar ya ɗaga kai. Katangar da ba a liƙe ta da siminti ba tana barin ruwan sama ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu yayin da take riƙe ƙasar, amma tana bukatar hannun manomi kullum, domin dutse ɗaya idan ya zame aka ƙyale shi, damina mai zuwa za ta tafi da sauran.

Kuma an ƙyale da yawa. Buɗe sansanin ƙera jiragen yaƙin ruwa a La Spezia a 1869 da isowar jirgin ƙasa sun ba matasa hanyar samun albashi ba tare da hawan dutse da kwandon inabi a ka ba, sai kuma wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya lalata gonaki masu yawa a shekarun 1920. Sannu a hankali daji ya cinye mafi yawan hawa-hawan, abin da ake nomawa yau ɗan kaɗan ne daga na da. Sakamakon ya bayyana ranar 25 ga Oktoba, 2011, lokacin da aka tafka ruwan sama na 'yan awoyi, ƙasa ta zaftare daga gangaren, laka da duwatsu suka bi ta babban titin Vernazza da na tsohon garin Monterosso suka binne shaguna da ƙasan gidaje, kuma mutane 13 suka rasa rayukansu a faɗin yankin da maƙwabtansa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa zaftarewar ta fi yawa a gonakin da aka daina kula da su. Akwai kuma wani abu da baƙo ba zai lura da shi ba sai an faɗa masa: babban titin Vernazza, da na Riomaggiore da Manarola, rafi ne aka rufe aka yi hanya a kansa, ruwan yana nan yana gudu a ƙarƙashin ƙafarka. Wannan shi ne irin bayanin da kake biyan jagora dominsa, kuma idan wanda ka ɗauka bai iya gaya maka shi ba, to mai nuna hanyar tasha kawai ka samu. A Italiya akwai bambanci tsakanin mai rakiyar ayari, wanda aikinsa kula da tikiti da lokaci, da jagora mai lasisin yin bayani, da kuma jagoran hanyoyin daji da tsauni. Ka tambayi kamfanin a rubuce wanne ne zai kasance tare da ku.

Yanzu ga ƙauyukan kansu, gwargwadon yadda za su yi da ƙafar Hajiya. Monterosso shi ne mafi girma kuma mafi shimfiɗa. Tashar jirgin tana bakin teku a sabon ɓangaren da ake kira Fegina, inda yankin ke da babban rairayinsa guda ɗaya, kuma daga nan ana bin hanya miƙaƙƙiya a ratsa wani ɗan ramin dutse a fita tsohon garin, inda cocin San Giovanni Battista yake da fuskarsa mai ratsin fari da duhu. Nan ne ya fi dacewa ku ci abincin rana ku huta. Vernazza kuwa, a ganina, ita ce ba za a tsallake ba ko da me ya faru. Tasharta tana tsakiyar gari, titin yana gangarawa a hankali har dandalin da ke bakin mashigar ruwa, inda kwalekwalen masunta suke, ga cocin Santa Margherita da aka gina a 1318 a kan dutse daf da ruwa, ga hasumiyar ganuwar Doria a sama. Hasumiyar ta tsaro ce, domin ƙauyukan nan, waɗanda suka shiga ƙarƙashin mulkin Jamhuriyar Genoa tun ƙarni na 13, sun daɗe suna fama da harin jiragen ruwa, kuma a 1545 mayaƙan Turgut Reis na Daular Usmaniyya sun afka wa Monterosso. Hajiya za ta iya zama a dandalin ta sha iska yayin da kai da maiɗakinka kuka hau hasumiyar, hawan da bai wuce 'yan mintoci ba amma matakalarsa ƙunci gare ta.

Na uku shi ne Manarola. Daga tasha ana bi ta wani rami na masu tafiya a ƙasa, a gangara bakin ruwa, sannan a bi wata hanya mai ɗan hawa kaɗan zuwa tsinin Punta Bonfiglio, inda ake ganin gidajen garin duka sun hau kan juna a jikin baƙin dutse. Amma babban dalilin da ya sa na zaɓa muku shi shi ne ƙaramar bas da ke tashi daga can zuwa Volastra, wani ƙauye da ke sama da mita 300 daga teku a tsakiyar gonakin inabi da zaitun. Da wannan bas ɗin Hajiya za ta ga katangun da idonta ba tare da ta taka matakala ba, za ku kuma ga siririn layin dogo guda ɗaya da manoma suka shimfiɗa a gangaren, wanda wata 'yar na'ura ke bi tana jan akwatunan inabi lokacin girbi a watan Satumba. Kamfanoni kaɗan ne ke sa Volastra a tsarinsu, saboda haka ka nema tun kafin ka biya.

Corniglia ku bar ta. Tana kan wani tsini mai tsayin kusan mita 100, tasharta tana can ƙasa, kuma tsakaninsu matakala ce mai taki kusan 380. Akwai bas da ke hawa, amma a lokacin cunkoso jiransa kan cinye lokacin da ba ku da shi, kuma ita kaɗai ce jirgin ruwa ba ya tsayawa a gare ta. Riomaggiore tana da kyau, sai dai gangarenta da matakalunta sun fi na Manarola tsanani.

Ina ba da muhimmanci ga jirgin ruwa saboda jirgin ƙasa yana tafiya ne a cikin duhun rami, teku sai dai ka hango ta na ƙiftawar ido. Daga kan ruwa ne kaɗai mutum ke ganin yadda ƙauyukan suka maƙale a tsagar dutse da yadda layukan gonakin suka hau har kusa da ƙololuwa, kuma idan kuka yi zangon Vernazza zuwa Manarola za ku ga Corniglia daga ƙasa, wanda ya ishe ku. Sai dai ka san abu biyu. Idan teku ta tashi ana soke jiragen ba tare da dogon gargaɗi ba, don haka ka tambayi kamfanin abin da zai yi da kuɗin wannan zangon idan hakan ta faru. Na biyu, a Manarola da Riomaggiore ana shiga jirgin ne ta wata siririyar gada da ake miƙowa daga goshinsa zuwa kan dutse, tana motsi da igiyar ruwa. Idan akwai alamar iska a ranar, ku taƙaita a zangon Monterosso zuwa Vernazza, inda shiga da fita suka fi sauƙi ga dattijuwa, kuma ka riƙe hannunta da kanka.

Game da hanyoyin ƙafa, shahararriyar hanyar da ke bin gaɓar daga Monterosso zuwa Riomaggiore tana da tsawon kusan kilomita 12, amma ba ta buɗe duka ba. Ɓangaren Corniglia zuwa Manarola na bakin teku ya daɗe a rufe saboda zaftarewar ƙasa. Ɓangaren Monterosso zuwa Vernazza, kusan kilomita 3 da rabi, yakan ci awa 1 da rabi zuwa 2, ya fara da matakala mai tsawo, kuma a wasu wuraren faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba. Wannan ba na Hajiya ba ne, kuma idan kai ka yi shi ka bar iyalinka suna jira, rabin yinin ya tafi. Wanda zai yiwu muku duka shi ne Via dell'Amore tsakanin Riomaggiore da Manarola, hanya shimfiɗaɗɗiya mai kusan kilomita 1 da aka sassaƙa a jikin dutse a saman ruwa. An rufe ta a Satumban 2012 bayan duwatsu sun faɗo sun raunata baƙi huɗu 'yan Ostireliya, aka sake buɗe ta a 2024 bayan dogon gyara, kuma yanzu sai da tikiti na musamman mai ƙayyadadden lokaci, ana shiga ta Riomaggiore a fita ta Manarola. Idan jagoranku ya iya kama muku gurbi, sai ku sauka a tashar Riomaggiore, wadda bakin hanyar yake kusa da ita, ku taka a hankali zuwa Manarola, kun ga ƙauyuka sun zama uku da ɗan ƙari ba tare da wahala ba. Hukumar gandun ƙasa da ke kula da yankin tun 1999 tana rufe hanyoyin idan an yi gargaɗin ruwan sama mai ƙarfi, kuma ta hana hawa hanyoyin tsauni da silifas ko takalmi mai santsi, tarar tana farawa daga Yuro 50 har zuwa 2,500. Kowa ya sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, kuma a nema wa Hajiya sanda mai naɗewa.

Batun ci da sha yana bukatar a faɗe shi tun wuri. Inabin da ake nomawa a can giya ake yi da shi, kuma kamfanoni da yawa suna sa ɗanɗana giyar yankin a cikin kuɗin tafiya, saboda haka ka sanar da su tun lokacin rajista cewa ba kwa sha, ka nemi a musanya muku da ruwan lemo ko a rage kuɗin. Abu ne da suka saba ji. Abincin Liguria kuwa yana da sauƙi ga Musulmi, domin ya dogara ne ga kifi da ganye da man zaitun. Akwai taliyar trofie da ake juyawa da pesto, wato ɗoɗɗoya irin ta can da aka daka da tafarnuwa da cuku da wata ƙwaya da man zaitun. Akwai ƙananan kifayen da Monterosso ta yi suna da su, soyayyu ko waɗanda aka adana da gishiri. Akwai farinata, wadda ake gasawa da garin wani irin wake da man zaitun. Abu biyu za ka tambaya: wasu gidajen burodi suna sa kitsen alade a burodin focaccia, wanda a can ake kira strutto, kuma ana yawan dafa abincin teku da ɗan farin giya. Jagora nagari zai yi maka wannan tambayar da harshensu. Ruwan sha kuwa akwai famfunan jama'a a ƙauyukan, ku riƙe gora ku riƙa cikawa.

Babu masallaci a ƙauyukan biyar. A ƙarshen Mayu azahar tana shiga wajen ƙarfe 1 da minti 20, la'asar bayan ƙarfe 5, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan 9 na dare, don haka a matsayinku na matafiya kuna da sararin yin ƙasaru ku haɗa azahar da la'asar a lokaci ɗaya, magariba kuma ta same ku kun koma masauki ko kuna daf da shi. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ku yi alwala a gidan abincin da kuka ci, ku ɗauki 'yar darduma mai sauƙi, ku roƙi jagora ya nuna muku wuri mai natsuwa, wanda ya fi samuwa a Volastra ko a gefen Monterosso fiye da dandalin Vernazza.

Ranar da za ku je ma tana da tasiri. Mazauna yankin duka ba su wuce kusan mutum 4,000 ba, baƙi kuwa miliyoyi ne a shekara, kuma manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke tsayawa a La Spezia sukan sauke dubban mutane a safiya guda. Cunkoson ya fi tsanani daga wajen ƙarfe 11 zuwa 4 na yamma, a Asabar da Lahadi, da kuma ranakun hutun ƙasa, ciki har da 2 ga Yuni wadda ke kusa da lokacinku. Idan kuna da zaɓi ku ɗauki tsakiyar mako. A tashoshi da ƙofar jirgi akwai 'yan sane, har sanarwa ake yi a kansu, don haka fasfo da kuɗi su kasance a aljihun ciki, jakar maiɗakinka kuma ta rataya ta gaba.

Idan kuɗin jagora na ku kaɗai ya yi muku yawa, akwai tsaka-tsaki mai kyau: ku hau jirgin ƙasa na sassafe da kanku daga Florence zuwa La Spezia, ku sayi katin Cinque Terre na yini ɗaya wanda ya haɗa hawa jirgi iya son ranku tsakanin La Spezia da Levanto da ƙananan bas na ƙauyukan da banɗakin tashoshi, sannan ku haɗu da jagora ɗan yankin na awa 3 ko 4 kawai, ragowar yinin ya zama naku. Farashin katin yana hawa da sauka gwargwadon ranar, don haka ka duba na ranarku a shafin hukumar gandun kafin ka tashi, kuma idan tikitin jirgin takarda ne, ka buga masa hatimi a 'yar na'urar da ke tasha kafin ku shiga, in ba haka ba akwai tara. Idan kuwa ka fi son kamfani ya ɗauke ku daga Florence ya dawo da ku, to kafin ka biya ka samu amsar waɗannan a rubuce: mutum nawa ne a ayarin, minti nawa za a yi a kowane ƙauye, ko tikitin jirgin ƙasa da na ruwa suna cikin kuɗin, abin da za a yi idan an soke jirgin ruwa ko an rufe hanya, da kuma ko sun yarda su tafi da saurin dattijuwa mai sanda. Ayarin da bai wuce mutum 8 zuwa 12 ba shi ne zai iya jiran Hajiya a bakin tasha ba tare da kowa ya ƙosa ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka miƙa gaisuwata ga Hajiya.